Mu Biyu Ne, Ni da Kawunki

Kazahama,
12 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Natsuho,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin bana bai kayar da ke ba. Kada ki tsaya juya ambulan kina neman ko wace ce. Tokie ce, matar kawunki Genzo, ɗan baffan marigayiya mahaifiyarki. Rabona da ke tun jana'izarta, shekara bakwai ke nan.

Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke nan da halinta. Kunnena kuma ya ƙara nauyi har na daina ɗaukar waya, don na gaji da mutum ya yi ta ihu ina cewa "na'am?" Shi ya sa kika ga takarda. An kusa fara yankan wakame, ganyen nan na teku da ake ci, amma bana ba da mu ba.

Katinki na sabuwar shekara ya iso, ja jawur, da gaisuwarki ga kawunki a ƙasa. Na daɗe ina kallonsa. Daga baya na ce yaran yanzu ne, na kai na ajiye a gabansa tare da shinkafarsa da shayinsa na safe. Bai ce komai ba. Dama kin san shi, ba mai magana ba ne. A jikin katin na ga sabon adireshinki da sunan kamfanin tafiye-tafiyen da kike wa aiki a Yokohama, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Akwai wani farin jirgin ruwa, babba, na masu yawon shaƙatawa, da yake wucewa ta gabanmu sau biyu ko uku a shekara kafin ya shiga tashar Miyako. Shi nake so mu shiga. Mu biyu ne, ni da kawunki.

Za ki ce me tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a bakin teku za ta je nema a teku. To, ki sani shekara arba'in da shida ina auren masunci, ban taɓa sa ƙafata cikin jirgi ba. A zamaninmu mace ba ta hawa jirgin kamun kifi, an ce jirgin zai yi fushi ya hana kifi. Yanzu samari sun daina kula da wannan, har maƙwabcinmu ya ce in zo ya zagaya da ni, amma ƙafata ta ƙi. Kullum ni ce a tudu, shi yana ruwa. Idan ya dawo sai ya ce, "Ke ba ki san garin nan ba. Wanda bai gan shi daga teku ba bai gan shi ba." In ce, "To ka nuna mini mana." Sai ya nuna farin jirgin da haɓa, ya ce, "A wancan. Wancan ba ruwansa da mace ko namiji." Shekara ashirin yana faɗin haka.

Ban damu da abincinsu ko raye-rayensu ba. Abu ɗaya nake so: inda zan ga Kazahama daga ruwa, da rana, ido biyu. Sauran zaɓin na bar miki. Kada dai ki zaɓa mana mai ƙyale-ƙyale, kin san da wa zan yi tafiyar. Mutumin da bai taɓa saya mini ko ɗankunne ba, amma duk shekara uku sai ya sayi fenti rawaya gwangwani huɗu ya shafe bangon bayan gida, wanda ke kallon gangaren dutse, inda ko kyanwa ba ta bi. Na yi faɗa har na gaji.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci mai ɗumi.

Innarki,
Tokie Oikawa

*

Yokohama,
20 ga Fabrairu

Inna Tokie,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin wasiƙarki ƙwarai, har na karanta ta sau biyu a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Ina lafiya, sai ɗan tari da kowa ke yi a ofis. Ki riƙa sa wa gwiwar nan ƙyalle mai ɗumi.

Ashe Kawu zai cika alkawari! Ki ce masa na ce ya makara, amma an yafe.

Ga yadda abin yake. Jirgin nan tafiya biyu yake da su bana ta gefenku. Ta farko a ƙarshen Mayu: ya tashi daga nan Yokohama, ya nufi arewa, ya wuce Kazahama wajen ƙarfe bakwai na safe kafin ya shiga Miyako, daga nan sai Hakodate. Ta biyu a Agusta, ta fi tsawo kuma ta fi shagali, amma daga arewa yake gangarowa, kuma yana wuce ku ne bayan duhu ya yi. Wannan ba taku ba ce, ko kallonta kada ku yi.

Sai ɗakuna. Akwai na can ciki, ba taga ko ɗaya, mutum bai san gari ya waye ba sai ya duba agogo. Akwai mai taga zagayayya da ba ta buɗuwa. Sannan akwai mai baranda, da kujeru biyu da ɗan tebur. Abin da mutane ke mantawa shi ne ɓangare. Mai zuwa arewa, ƙasa tana hannun hagunsa. Na sha ganin wanda ya biya ɗaki mai baranda a dama, ya yi kwana biyar yana kallon ruwa tsagwaronsa, ya dawo yana yi mini masifa. Don haka na riƙe muku mai baranda a hagu, lamba 731. Uku kacal suka rage. Za a ajiye shi har ƙarshen Maris.

Abin da nake buƙata: cikakken sunan kowannenku da ranar haihuwa, da sa hannunku ku biyu a takardar da na haɗo. Kuma tunda Kawu ya haura tamanin, kamfanin yana son takardar likita mai nuna cewa lafiyarsa ƙalau, zai iya tafiyar kwana biyar. Ki lallaɓa shi ya je asibiti, na san zai ce shi da ya yi shekara sittin a kan igiyar ruwa wane likita ne zai gaya masa. Akwai kuma dare ɗaya da ake cin abinci da kwat. Ki ciro masa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, a canza mata laktaye, ba mai ganewa. Roƙona ɗaya, ki hana shi hawa sama ya koya wa kyaftin tuƙi.

Ki gaida shi da kyau. Ki ce ina jiran busasshen kifin da ya yi mini alkawari tun ina 'yar firamare.

'Yarki,
Natsuho

*

Yokohama,
24 ga Maris

Inna Tokie,

Ina gaisuwa, ina fata ku biyu kuna lafiya. Nan furanni sun fara buɗewa, tarina ya warke.

Wata guda ke nan da kwanaki ban ji daga gare ki ba. Na buga waya sau huɗu, ko da yake kin ce ba kya ɗauka, ina tsammanin Kawu zai ɗaga. Shiru. Na fara tunanin ko gwiwar ce ta kwantar da ke, ko kuwa takardar likitan ce ta jawo rigima a gida. Idan ita ce, ki gaya masa ba raini ba ne, ko tsohon kyaftin haka ake ce masa ya kawo.

Ɗakuna biyun nan na hagu an saye su. Naku kaɗai ya rage, kuma ranar talatin da ɗaya ga wata za su sake shi idan ba sa hannu. Ba ni da ikon riƙe shi fiye da haka, na roƙi shugabarmu ta ce ba a hannunta yake ba. Idan ya tafi, ba wata tafiyar rana sai baɗi.

In wani abu na faɗa da bai dace ba, ki yi haƙuri ki gaya mini. Ni na san bakina yana riga hankalina.

'Yarki,
Natsuho

*

Kazahama,
6 ga Afrilu

Natsuho,

Na gode da tambaya. Gwiwa da sauƙi, ban kwanta ba.

Kawunki ya rasu ranar tara ga Satumba, da hantsi, a bakin rumfar da yake gyaran raga. Kin sani, don na rubuta miki da hannuna. A watan Nuwamba na aika katin makoki gida arba'in da ɗaya, da tawada mai ruwan toka kamar yadda ake yi, ina sanar da cewa muna cikin rashi, kada a aiko mana gaisuwar sabuwar shekara. Gida arba'in suka kiyaye. Ranar ɗaya ga Janairu ɗan wasiƙa ya hawo tudun nan saboda kati ɗaya tak, ja, mai cewa barka da shekara, a gaida Kawu. Naki ne.

Na haɗiye wannan. Na ce yarinya ce ta birni, uwarta ba ta nan balle ta koya mata. Har na sauke kai na nemi taimakonki, don ba ni da wani wanda ya san harkar jiragen nan. Sai ga amsa wai in kai shi asibiti a duba lafiyarsa. Wai in ciro masa baƙar kwat. Natsuho, kwat ɗin nan tana rataye a inda ya bar ta, har yau ban iya taɓa ta ba.

Wasiƙarki ta yi kwana goma a kan tebur. Maƙwabciyata Sakae ta shigo ta same ni ina kallonta, ta karanta, ta ce, "Wannan ko dai ba ta da hankali, ko ba ta da labari." Na ce, "Labari kam na ba ta." Ta ce, "To ki yaga ki huta. Dama wa ya aike ki? Ki hau jirgin ƙasa har Yokohama, ki biya kuɗi, don a dawo da ke ki kalli gidanki? Fito tsakar gida ki kalle shi kyauta!"

Da na ce mu biyu ne, ba ruɗewa na yi ba. Allon sunansa da ke gurbin magabata, wanda nake kai wa shinkafa da shayi kowace safiya, shi zan naɗe a ƙyalle in rungume. Kowa a garin nan da zai ji na ce "ni da Genzo" ya san abin da nake nufi.

Na ga ranar da kika sa ta wuce. Shi ke nan. Ya yi shekara ashirin bai cika alkawari ba, ba laifinki ba ne don ta ashirin da ɗaya ta bi sahu. Ki bar maganar. Na rubuto ne don kada ki ci gaba da buga waya.

Tokie Oikawa

*

Yokohama,
11 ga Afrilu

Inna,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina miki ta'aziyyar Kawu Genzo, bayan wata bakwai, da kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Inna, ban sani ba. Katinki bai zo hannuna ba. A watan Oktoba na tashi daga tsohon gidan da nake haya, kuma ban cike takardar nan ta gidan waya da ake juyo wa mutum wasiƙunsa ba. Kullum sai in ce gobe. Jiya da na tashi aiki na je can. Tsohuwar mai gidan ta ɗauko wani kwalin takalmi, ta ce, "Ai na ɗauka kin mutu. Ga tarkacenki nan, duk tallan shaguna ne." Yana ciki, tsakanin tallan gilashin ido da na wankin kafet. Rubutunki ne, da tawada mai ruwan toka. Na zauna a matakalar gidan mutane na yi kuka har matar ta kawo mini ruwa.

Na koma na karanta wasiƙarki ta farko. Komai yana ciki. Kin ce bana ba da ku za a yi yankan wakame ba. Kin ce kin ajiye katina a gabansa tare da shinkafa da shayi. Ni da allon sunan mahaifiyata yake kan ɗan tebur a ɗakina, nake zuba mata shayi kowace safiya, ni ce ban gane ba. Ido na sa na tsallake komai ina neman inda aka ce ɗaki da rana, kamar yadda nake karanta wasiƙun masu saye. Ba na neman ki ce ba komai, don da komai.

Kin ce in bar maganar. Ki yafe mini, ba zan bari ba sai kin ji wannan.

Lamba 731 ya tafi, kuma babu sauran mai taga a hagu. A tafiyar Agusta akwai baranda birjik, shugabarmu har ta ce in ba ki ɗaya da rangwame in wanke laifina. Ban karɓa ba. Za ki zauna a kujera mai kyau ki kalli duhu. Abin da ya rage a tafiyar Mayu ɗakin can ciki ne, mara taga, a hawa na biyar. Shekara tara ina hana mutane irinsa. Amma na tuna ba ɗaki kika ce kina so ba. Saman jirgin a buɗe yake ga kowa, mai baranda da mara taga duk ɗaya. Ƙarfe shida za ki hau, ki kama ƙarfen gefen hagu, ki tsaya a cikin iska. Ina jin Kawu ma ba ta taga yake kallon garin ba.

Saura abu ɗaya. Ɗakin gado biyu ne, kuma ba sa rubuta sunan wanda ba shi da rai a jerin fasinjoji. Na tambaya, ba su ma gane tambayar ba. Mai tafiya shi kaɗai kusan kuɗin mutum biyu yake biya, gado ɗaya yana nan banza. Idan kin yarda, a sa sunana a wurin. Ba gurbinsa zan cike ba. Zan ɗauki jaka, in riƙe ki a matakala, in kuma yi shiru, wanda shi ne zai fi mini wuya. Na riƙe ɗakin da sunana har ranar ashirin.

In kuma kin ce a'a, ki ba ni izini in zo in kunna masa turare.

'Yarki mai laifi,
Natsuho

*

Kazahama,
16 ga Afrilu

'Yata Natsuho,

Lafiya lau nake. Na karanta wa kawunki wasiƙarki. Sakae ma ta karanta, ba tare da an ba ta ba, ta ce, "Ai na faɗa, ba ta da labari." Ta manta rabin farkon abin da ta ce.

Ni ma da nawa. Na yi miki magana kamar 'yar garin nan, alhali shekara bakwai ba mu haɗu ba. Kalma ɗaya ce, ya rasu, kuma hannuna ya ƙi rubuta ta sau biyu.

Ga takardar, na sa hannu. Ki sa sunanki. Ɗaki mara taga bai dame ni ba, barci za a yi a ciki. Ki je ki cike takardar gidan wayar nan yau, ba gobe ba.

Innarki,
Tokie

*

Kazahama,
8 ga Yuni

'Yata Natsuho,

Ina gaishe ki da gajiya. Na iso gida lafiya, gwiwa ta kumbura kwana biyu ta sauka. Ina fata cikinki ya dawo daidai. Shekara tara kina sayar wa mutane teku, ashe ba ki taɓa ɗanɗana ta ba! Ke da kika zo riƙe ni a matakala, ni na ƙare da riƙe miki robar amai. Kada ki damu, Sakae kaɗai na gaya wa, wato dai gari ya ji.

Da na sauko daga sama ran nan kin ɗago kai daga matashi kin tambaye ni sau uku, "Inna, kin gani?" Na ce na gani, ban ƙara ba. Ba rowa na yi miki ba, bakina ne ya ƙi. Yanzu zan gaya miki.

Na hau tun kafin shida, da kawunki a ƙyalle cikin rigata. Akwai hazo a kan ruwa, na ce shi ke nan, mutumin nan ko ya mutu sai ya ja mini rai. Wani dattijo daga Nagoya da matarsa suna gefe da na'urar hangen nesa, yana ta tambaya ko za a ga ƙaton kifin nan da ake kira whale. Wajen bakwai saura hazon ya ɗaga. Na gane dutsen nan mai kama da sirdi, na gane fitilar bakin gaɓa. Sai na nemi garin, ban same shi ba. Katangar da suka gina bayan babbar igiyar ruwan nan da ta ci garin ta rufe komai. Ba kasuwar kifi, ba makaranta, ba rufin gidan kowa, sai dogon siminti fari da duhun itatuwa a bayansa. Na ce a raina, Genzo, wannan ne abin da ka yi shekara ashirin kana yi mini gori a kai?

Sai matar dattijon ta ce, "Kai, duba can sama. Mene ne wancan rawayan?"

Na ɗaga ido. Can a kan tudu, a cikin duk koren nan, ɗigo ɗaya ne rawaya. Shi kaɗai ake gani a duk gaɓar. Dattijon ya ce wataƙila alama ce ta masu jirgi. Ya miƙo mini na'urar, na kasa saita ta, sai da matar ta riƙe mini. Bangon bayan gidana ne, Natsuho. A tsakiyarsa ga tagar kicin, inda nake tsayawa wanke-wanke kowace safiya, daidai lokacin da jiragen ke dawowa.

Shekara arba'in da shida idan ya shigo yakan ce, "Na gan ki." Ni kuma in ce, "Ƙaryarka, cire takalmin nan kafin ka taka mini tabarma." Sau nawa na ce masa yana ɓarnar fenti a bangon da ba mai gani. Shi dai sai ya ci gaba da shafawa.

Matar ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Kin san wurin ne?" Na ce gidana ne. Mijin ya cire hularsa. Na kwance ƙyallen, na juya kawunki ya fuskanci tudu, muka tsaya har dutse ya rufe shi. Bai fi minti goma ba.

Da na dawo na zagaya bayan gidan, abin da na yi shekaru ban yi ba. Fentin ya fara ɓarewa ta ƙasa. Bana ce shekara ta uku. Na duba rumfarsa, ashe ya riga ya saya, gwangwani huɗu suna jere a ƙarƙashin raga, ba a buɗe ba.

Ni ba zan iya hawa tsani ba. Ki zo a hutun Obon, lokacin da waɗanda suka rasu suke dawowa gida. Ta teku zai zo, ba ya bin wata hanya, kuma ba na so ya nemi gidan ya rasa. Ki taho da tsofaffin kaya waɗanda ba kya jin asararsu. Burushi akwai.

Innarki,
Tokie